WANDA KE TSAYE KUSA DA ƊANKA



Ko kana da ɗa a soja? In ba ka da shi, watakila ɗan wanka ne, ko ɗan maƙwabcinka, ko kuwa saurayin da ke neman ɗiyarka. Daga Kona, da Korgom, da Tasawa, da Mayahi, samari su kan ajiye hauya su tafi su sa kaki. Uwa ta kan raka ɗanta bakin hanya da ɗan guzuri, ta komo gida ta zauna kusa da rediyo. A can ta ji labarin Inates a watan Disamba 2019, inda sojan Nijar 71 suka mutu rana ɗaya. Bayan wata guda ta ji na Chinagodar, inda 89 suka mutu. Tun daga lokacin barcin iyayen soja bai cika nauyi ba.

To, ka yi tunani a kan wannan. Sa'ad da ɗanka ya ke gadi cikin dare, ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani a damansa, akwai wani a hagunsa. Ba shi ya zaɓe su ba, kai ma ba ka zaɓe su ba. In harsashi ya same shi, ɗaya daga cikinsu ne zai ɗauke shi a kafaɗa. Ransa yana hannun Allah, amma ta hannun waɗannan biyu ne Allah zai yi aiki.

Akwai wata magana da mu kan ji a rediyo, wadda manya ba su son a ɗauko ta a gaban yara. An ce waɗansu ƙasashe sun yarda namiji mai neman namiji, ko mace mai neman mace, su yi aikin soja ba tare da sun ɓoye halinsu ba. In maganar ta taso a kasuwa, waɗansu su kan yi dariya, waɗansu su tofar da yawu, waɗansu su ce ai kisa ne maganinsu. Kai fa, da ka ke kiran sunan Yesu Almasihu, me za ka ce? Me kuma za ka faɗa wa ɗanka kafin ya hau mota?

ABIN DA YA FARU A ƘASASHEN WAJE

Bari mu fara jin labarin daidai, gama wanda ya yanke shari'a kafin ya ji magana ya yi wauta.

Shekaru da yawa rundunar Amurka tana korar duk sojan da aka gane yana neman jinsinsa. A shekarar 1993, zamanin Shugaba Bill Clinton, aka yi wata doka ta tsaka-tsaki, wadda aka yi wa laƙabi da "Kada a tambaya, kada a faɗa." Ma'anarta ita ce, hafsa ba zai tambayi soja ba, soja kuwa kada ya kuskura ya faɗa. In ya yi shiru, ya ci gaba da aiki. In ya faɗa, ko aka kawo shaida a kansa, sai a kore shi.

A takarda abin ya yi kama da sulhu. Amma dubi 'ya'yan da itacen ya haifa. Mutum yana iya zuba jininsa saboda ƙasarsa, amma gaskiyar da zai faɗa ita ce za ta raba shi da abincinsa. Wanda ya san asirin wani ya sami igiyar da zai ja shi da ita. Wanda ya ke jin haushin wani ya sami hanyar kā da shi. Kafin dokar ta ƙare, an kori soja fiye da 13,000, a cikinsu har da masu jin Larabci, a lokacin da rundunar ta ke matuƙar bukatarsu.

A watan Yuli 1999, a barikin Fort Campbell, an kashe wani soja mai suna Barry Winchell, ɗan shekara 21. Watanni ke nan ana raɗe-raɗi a kansa, ana yi masa ba'a. Wata rana da dare yana barci, wani soja ɗan'uwansa ya buge shi da sanda a ka, bai tashi ba. Abokin gāba bai taɓa shi ba. Wanda suke cin abinci tare ne ya kashe shi. Aka yanke wa mai kisan ɗaurin rai da rai. Gida biyu ke nan suka rasa 'ya'yansu.

A watan Disamba 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a soke dokar, ta daina aiki ran 20 ga Satumba 2011. Ingila ta riga ta janye nata hanin a watan Janairu 2000, bayan wata kotun Turai ta yanke hukunci a 1999. A 2023 firayim ministan ƙasar, Rishi Sunak, ya nemi gafarar tsofaffin sojan da aka wulakanta aka kora a dā. Holan ta buɗe ƙofarta tun 1974, Kanada kuma a 1992.

Maƙwabciyarmu Nijeriya ta bi wata hanya dabam. A watan Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta hana auren jinsi ɗaya, da horon ɗaurin shekara 14. A watan Disamba 2024 kuma, ƙa'idojin aikin soja da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu suka hana soja wannan al'amari ƙiri-ƙiri.

Ka gani, kowace ƙasa da tata doka, dokoki kuwa su kan sāke. Ba kai za a kira Yamai a tambaye ka yadda za a rubuta ƙa'idar bariki ba. Amma akwai abin da za a tambaye ka a gaban kursiyin Allah: yadda ka yi da harshenka, da hannunka, da maƙwabcinka.

KOYARWARMU A KAN AURE

Kada wani ya ce dattijo ya zo ya sāke koyarwa. Ikilisiyarmu tana koyar da abin da ta karanta a Farawa sura 2 da Matiyu sura 19: aure alkawari ne tsakanin namiji da mace, kwanciya kuma ta cikin aure ce. A kan wannan mu ke tsaye, a kansa mu ke renon 'ya'yanmu.

Amma ka lura da wanda wannan koyarwa ta fara kamawa. Ta kama magidancin da ya sayar da gyaɗarsa a kasuwar Tasawa, ya biya ta wani ɗaki kafin ya komo gida. Ta kama saurayin da ya yaudari yarinya da alkawarin aure, ya gudu ya bar ta da ciki. Ta kama wanda ya tafi cin rani Kano ko Agadas, ya manta yana da mata. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yesu ya yi irin wannan magana a Matiyu sura 7, inda ya kwatanta mai gungume a idonsa yana neman cire ɗan haki daga idon ɗan'uwansa. Manzo Bulus ma, a Romawa sura 1, ya jera zunuban al'ummai, har da tsegumi da ɓata suna da rashin tausayi. Da ya shiga sura 2, sai ya juya kan mai karatu da ke gyaɗa kai, ya ce masa shi ma ba shi da hujja.

Sa'an nan ka tuna bariki ba majami'a ba ce. A majami'a dattawa su kan tambayi mutum bangaskiyarsa kafin a yi masa baftisma. Runduna kuwa ta ƙasa ce duka. A cikinta akwai Bahaushe da Bazabarme, da Buzu da Bafilace da Babarbare, akwai Musulmi da Kirista. Romawa sura 13 ta nuna aikin da Allah ya ba mai riƙe da takobi: ya tsare mai kirki, ya hana mugu. Ba a ba shi aikin binciken zukata ba. Wannan na Allah ne shi kaɗai.

ABU UKU DA AKA FAƊA WA SOJA

Ka buɗe Luka sura 3, ka karanta aya 14. Sa'ad da Yahaya Mai Baftisma ya ke wa'azi a bakin Kogin Urdun, soja suka zo suka tambaye shi abin da za su yi. Yahaya ba mai tsoron faɗar gaskiya ba ne. Shi ne ya tsauta wa sarki Hirudus a kan matar ɗan'uwansa, har aka fille masa kai saboda haka. Amma da soja suka tambaye shi, abu uku ya hore su da shi. Kada su ƙwace wa kowa kayansa da ƙarfi. Kada su yi wa kowa ƙazafi. Su gamsu da albashinsu.

Mu tsaya a kan na biyu, gama a nan ne maganarmu ta ke.

Ka san yadda ƙazafi ya ke tashi a inda aka tara samari wuri ɗaya. Wani muryarsa siririya ce. Wani ya iya dafuwa, domin uwarsa ba ta haifi ɗiya ba, shi ta koya wa. Wani mai kunya ne, ba ya son tuɓewa a gaban mutane. Sai wani ya jefa kalma ɗaya cikin wasa, ya ce ɗan daudu. Aka yi dariya. Kashegari wani ya maimaita ta. Kafin mako ya zagayo, ta zama sunansa. Kafin wata ya ƙare, akwai mai rantsuwa cewa ya gani da idonsa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Yanzu ka saurara da kyau, ya kai uba, ke kuma uwa. Kun yi renon ɗanku cikin tsoron Allah. Kun hore shi kada ya sha giya, kada ya bi matan banza. Ran da aka biya albashi, abokansa suka ce a fita gari, shi ya ce ba za shi ba. Wata na biyu ya ƙi. Wata na uku ya ƙi. Me ku ke tsammani za su ce? Ashe, ba za su fara tambayar juna ba, ko wannan yana son mata kuwa? Wutar da ka ke hurawa a kasuwa, kana cewa a kama su a kashe, tana iya fara cin rigar ɗanka, saboda tsarkin da kai ka koya masa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Littafi Mai Tsarki cike ya ke da irin wannan. Yusufu ya ƙi matar Fotifar, saboda ƙin nan ne ta yi masa ƙazafi, ya shiga kurkuku (Farawa sura 39). Nabot ya ƙi sayar da gonar gādonsa, aka ɗauko 'yan iska biyu suka yi shaidar zur, aka jajjefe shi har ya mutu (1 Sarakuna sura 21). Ubangijinmu kansa, shaidun ƙarya aka nemo a kansa. Shi ya sa Allah ya sa hanin shaidar zur a cikin Dokoki Goma, a jere ɗaya da hanin kisankai da zina da sata.

Watakila za ka ce, to, in maganar gaskiya ce fa? Ko da gaskiya ce, wa ya ba ka sandar? A Yahaya sura 8 an kawo wa Yesu mace da aka kama ta cikin zina. Ba zato ba ne, kama ta aka yi. Duwatsu suna hannun mutane. Yesu ya ce wanda ba shi da zunubi ya fara jifa, sai suka zame ɗaya ɗaya, tun daga tsofaffi. Ya yi mata gargaɗi, amma sai da ya fara tsare ranta. Mu kuwa mu kan so mu fara da dutse. Yakubu sura 3 ta tsauta wa bakin da ke yabon Allah, ya juya ya la'anci mutumin da aka halitta cikin kamannin Allah. Wannan da a ke nunawa da yatsa, Allah ne ya yi shi, wata uwa ce ta goye shi, saboda shi ma Almasihu ya mutu.

ME KE RUSHE RUNDUNA?

Mutane su kan ce irin waɗannan za su ɓata runduna. Bari mu dubi abin da ya taɓa ɓata runduna a Littafi, da abin da ya ɓata ta a ƙasarmu.

Ka karanta 2 Sama'ila sura 11. Uriya Bahitte baƙo ne, ba jinin Isra'ila ba. Amma da sarki Dawuda ya kirawo shi daga bakin dāga, ya ce ya tafi gida ya huta, Uriya ya ƙi. Ya kwana a ƙofar fāda, domin 'yan'uwansa soja suna kwance a fili. Dawuda kuwa, mai gadon sarauta, mai mata a gida, ya riga ya ɗauke matar Uriya. Don ya rufe asirinsa, ya rubuta wa Yowab takarda a sa Uriya a inda yaƙi ya fi zafi, a janye a bar shi. Uriya ya ɗauki takardar mutuwarsa da hannunsa ya kai. Ba shi kaɗai ya mutu a ranar ba, waɗansu soja ma sun faɗi tare da shi. Wa ya ci amanar runduna a nan? Babba ne, wanda ba mai iya nuna shi da yatsa, sai annabi Natan.

Yanzu mu komo gida. A shekarar 1899 rundunar Faransa ta ratsa ƙasar Hausa daga yamma zuwa gabas, a ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine. Suka ƙone garuruwa, suka karkashe mutane a Birnin Ƙonni, suka shigo ƙasar Tasawa da wuta da bindiga. Labarin muguntarsu ya kai har Faransa, aka aiko wani kanar mai suna Klobb ya tsai da su. Ran 14 ga Yuli 1899, kusa da Dankori, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Cikin kwana uku sojansu suka tayar, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. A Maijirgi aka binne su, nan cikin ƙasarmu. Waɗannan mutane suna da igiyoyi a kafaɗa, suna da ilimi, suna da manyan bindigogi. Zalunci da girman kai ne suka cinye su.

Abin da ke rushe runduna ke nan: shugaba mai cin amana, da soja mai ƙwace, da bakin ƙazafi, da wanda ya gudu ya bar ɗan'uwansa a kwance. Da waɗannan a ke auna soja. Da su kuma ɗanka zai auna wanda ke tsaye kusa da shi. Yana barci a wurin gadi? Yana raba ruwansa? Yana komawa ya ɗauko wanda ya faɗi?

MU DA MUKA SAN ƘARAR TARO

Ya ɗan'uwana, in akwai waɗanda ya kamata su ji tsoron hukuncin taron jama'a, mu ne. Mu kaɗan ne a ƙasar nan. Ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, taro ya tashi saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, abin da ba mu da hannu a ciki. Aka ƙone majami'u da dama, mutane suka mutu. Waɗansu 'yan'uwanmu maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. A Damagaram kuwa, Kirista da yawa a barikin soja suka sami mafaka.

Ka yi tunani a kan sojan da suka tsaya a ƙofar barikin nan. Yawancinsu ba su yarda da bangaskiyarmu ba. Ba su ce sai mun sāke addini kafin su tsare mu ba. Sun ga rayuka ne, suka tsare. Ashe, mutum yana iya tsare ran wanda bai yarda da hanyarsa ba. Abin da aka yi mana ke nan, Yesu kuwa ya umarce mu a Matiyu 7:12 mu yi wa mutane yadda mu ke so su yi mana.

Mun kuma san nauyin ɓoyo. Akwai samarinmu da su kan sa Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin jaka, su yi addu'a a zuci, don kada a gane su. Wanda ya taɓa ɗaukar wannan kaya bai kamata ya yi wa mai ɗauke da nasa asirin dariya ba.

Manzo Bitrus ya koyi wannan darasi a gidan soja. Karniliyas hafsan Romawa ne, na rundunar da ta mallaki ƙasar Yahudawa. Bayahude ba ya shiga irin gidan nan. Amma Allah ya nuna wa Bitrus kada ya kira kowane mutum ƙazantacce, ya tafi ya shiga (Ayyukan Manzanni sura 10). Da Bitrus ya tsaya a waje yana tofar da yawu, da wa zai kai bishara gidan?

ABIN DA ZA KA FAƊA WA ƊANKA

Kafin ɗanka ya tafi, ka kira shi gefe, ku zauna ku biyu. Kada kunya ta hana ka, gama abin da ba ka faɗa masa ba, bariki za ta faɗa masa ta wata hanya. Ka ce masa:

Na ɗaya, ɗana, ka tsare jikinka. In wani ya neme ka da abin da bai dace ba, mace ce ko namiji, ka ce a'a a fili, ka tashi daga wurin. Ba sai ka zage shi ko ka doke shi ba. Yusufu gudu ya yi.

Na biyu, in wani ya nemi tilasta maka, ko ka ga ana tilasta wa ƙarami, kada ka yi shiru, ko da mai yin babba ne. Tilas zalunci ne, ko wa ya yi shi, ko wa aka yi wa. Ka kai ƙara inda ya kamata, ka kuma sanar da mu.

Na uku, kada ka ɗauki magana daga wannan ɗaki ka kai wancan. Abin da ba ka gani ba, kada ka ce ka gani. In an fara yi wa wani ba'a, kada dariyarka ta shiga ciki.

Na huɗu, in asirin wani ya faɗo hannunka, kada ka mai da shi gona. Wanda ya karɓi kuɗi don ya yi shiru, ya ci ƙwacen da Yahaya ya hana.

Na biyar, in taro ya tashi a kan mutum, kada hannunka ya taɓa shi. In kana da iko, ka shiga tsakani. In ba ka da iko, ka ruga ka kira na gaba.

Na shida, in an bi ka'ida an tambaye ka shaida, ka faɗi abin da ka sani kaɗai, kada ka ƙara, kada ka rage. Ka yi biyayya ga shugabanninka cikin abin da ke daidai.

Na bakwai, a bakin dāga kada ka bar kowa a kwance. Basamariyen nan na Luka sura 10 bai tambayi wanda 'yan fashi suka sāra labarin rayuwarsa ba kafin ya ɗaure masa raunuka.

GA MAI KUKA A ƁOYE

Watakila wannan takarda ta shiga gidan da a ke raɗe-raɗi a kan ɗansu. Uba ya daina zama a dandali, uwa ta kan je rijiya da sassafe don kada ta gamu da kowa. Ku ji, 'yan'uwana: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In kun kore shi, hannun wa ku ka miƙa shi? Uban nan na Luka sura 15 bai toshe ƙofa ba, idonsa yana kan hanya. Ku riƙe koyarwarku, ku riƙe ɗanku. Ku kuma 'yan ikilisiya, kada addu'a ta zama hanyar baza labarin gidan wani.

Watakila kuma kai da ke karatun nan, kai ne mai ɗauke da asirin. Ka ji abin da a ke cewa a kasuwa, ka yi shiru, zuciyarka tana bugawa. Wani lokaci ka kan ce gara mutuwa. Kada ka yi wa kanka lahani. Ranka yana da daraja a wurin Allah. Ya san ka tun kana ciki, ba abin da za ka faɗa masa da zai zama sabo a kunnensa. A Matiyu 11:28 Yesu ya kira dukan waɗanda kaya ya yi wa nauyi su zo wurinsa su huta, bai ware kowa ba. Ka nemi mai bi mai hankali, wanda ka tabbata bakinsa yana da murfi, kada ka ɗauki kayan kai kaɗai.

KAI FA?

Akwai wani soja da ya tsaya gadi a gindin gicciye. Aikinsa ne ya ga an kashe wanda aka yanke wa hukunci. Ya ji ba'ar taro, ya ga wanda aka yi wa shaidar zur yana roƙa wa masu kashe shi gafara. Da Yesu ya mutu, wannan soja ya shaida cewa mutumin nan marar laifi ne (Luka 23:47). Marar laifi ya mutu saboda masu laifi. A gindin gicciyen nan ba tudun da wani zai hau ya hango wani. Mazinaci da matsegunci, mai jifa da wanda a ke jifa, dattijo da saurayi, duka alheri ɗaya mu ke bukata.

Ko ka karɓi wannan alheri? In ka karɓa, ya kamata a ji shi a bakinka ran kasuwa. In ba ka karɓa ba, yau ce rana. Ka tara iyalinka da maraice, ku yi addu'a kamar haka:

Ya Uba na Sama, muna kawo maka 'ya'yanmu da ke bakin dāga. Ka tsare su daga harsashi, ka tsare su daga zunubi. Ka tsare waɗanda ke damansu da hagunsu, waɗanda ba mu san sunansu ba. Ka gafarta mana maganganun da muka yi a kan mutane ba da sani ba. Ka sa wa bakinmu linzami, ka cire dutse daga hannunmu. Ka ta'azantar da iyayen da suka rasa 'ya'yansu. Ka ba shugabannin ƙasarmu hikima da adalci, ka ba Nijar salama. A cikin sunan Yesu Almasihu mu ke roƙo. Amin.

In ka gama karanta wannan takarda, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba. In kana da ɗa a bariki, ka aika masa da ita.